Sati Huɗu a Rataye: Tarihin Jiran da Ake Yi Kafin a Goge Jita

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda dama sun fi jin daɗin karatu.

Bari in fara da 'yan'uwanmu mata, don sun riga mu sanin abin da za mu tattauna yau. Ki shafa jan farce, ki hura, ki ɗan taɓa ki ji ya bushe. Sai ki zura hannu a jaka neman makulli, ki fito da shi ki tarar ya kwaɓe. Me ya faru? Sama ne kawai ya bushe, ciki kuwa ɗanye ne sharaf.

To wannan 'yar matsalar ta farce ita ce ta shafe ɗaruruwan shekaru tana ba masu ƙera kayan kiɗa ciwon kai. Kuma ba kwatance kawai nake yi ba, domin jan farce da man ƙyallin da ake fesa wa jita 'yan gida ɗaya ne, sinadarinsu na asali guda ne. Za mu zo wajen.

Idan ka shiga shagon mai haɗa jita a Amurka ko Turai, akwai ɗakin da za ka ga jitoci a rataye kamar nama a mahauta. An gama sassaƙa, an gama fenti, a ido babu abin da ya rage. Mai ita ya biya kuɗi, kullum yana bugo waya. Amma maƙerin ba zai taɓa ta ba sai bayan sati biyu, uku, huɗu, wani ma har shida. Abin da ya rage shi ne aikin ƙarshe: a bi ta da samfefa mai laushi, sannan a kara ta a jikin injin guga har ta koma kamar madubi. Aikin wuni guda ne. Amma idan aka yi shi kafin lokacinsa, wahalar watanni ce za ta tafi a banza.

Tambayarmu ta yau ita ce: daga ina wannan jiran ya samo asali, kuma me mutane suka yi don su kuɓuce masa?

Mu fara da Italiya, shekarar 1638. Galileo, masanin taurarin nan da kuka sani, ya tsufa, idonsa ya tafi, kuma yana tsare a gidansa kusa da birnin Florence. Yana son saya wa ɗan ɗan'uwansa goge irin na Turawa, wanda ake kira biyolin. Sai ya rubuta wa abokinsa Fulgenzio Micanzio a birnin Venice. Shi kuma ya nemi shawara, aka ce masa na garin Brescia yana da sauƙin samu, amma na Cremona ya fi shi nesa ba kusa ba. Kuɗinsu ma ya nuna haka, don na Cremona ya ninka na Brescia kusan sau uku. Aka ba da aiki a Cremona ta hannun babban mawaƙin lokacin, Claudio Monteverdi. Sati ya wuce, wata ya wuce, shiru. Da aka matsa, amsar da ta zo ita ce gogen ba zai kammalu ba sai an samu rana mai zafi sosai.

Kun ji fa. Mutumin da ya leƙa sararin sama ya gano watannin duniyar Jupiter, ga shi zaune yana jiran rana ta busar da man katako.

Bayan shekara 70, a watan Agusta na 1708, Antonio Stradivari da kansa, wanda yau ake sayar da gogensa miliyoyin daloli, ya rubuta wa wani mai aiki wasiƙa yana ba shi haƙurin jinkiri, kuma dalilin da ya bayar shi ne man ƙyallin. Gidan da ya saya a Cremona a 1680 yana da rumfa a saman soro, buɗaɗɗiya ga iska, kuma masu tarihi na ganin a can yake rataye gogunansa su sha rana.

Me ya sa sai rana? Saboda irin man da suke shafawa. An daɗe ana yaɗa cewa Stradivari yana da wani sirrin haɗi da ya tafi da shi kabari a 1737. Amma a 2009 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jean-Philippe Echard na gidan tarihin kayan kiɗa da ke Paris suka duba kayan kiɗa biyar da ya ƙera, suka tarar da abin da masu zanen zamaninsa ke amfani da shi ne: mai irin wanda ke daskarewa, da ƙaron itace, da ɗan jan launi. Shi irin wannan man ba ƙafewa yake yi kamar ruwa ba. Iska yake sha a hankali, sai ya riƙa daskarewa, kuma hasken rana ne ke hanzarta shi. A lokacin sanyin arewacin Italiya, da hazo da gajeren wuni, shafi ɗaya sai ya yi kwanaki yana danƙo. Ga shi kuma shafin ba ɗaya ba ne. Don haka mai son goge sai ya bi kalandar rana, ko shi wane ne.

Kada ku ɗauka kowa rana yake jira. A ƙasar Sin akwai wani abin kiɗa mai tsirkiya bakwai da ake kira guqin, wanda wasu daga cikin na zamanin daular Tang, sama da shekara dubu ke nan, har yau suna nan. Su ruwan jikin wata bishiya suke tatsa, su kwaɓa da garin ƙahon barewa, su shafe katakon da shi. Abin mamaki, wannan ruwan ba ya daskarewa a busasshen wuri. Laima yake so, da ɗumi. A Japan, inda suke kiransa urushi, har akwati na musamman suke da shi da ake jiƙa cikinsa da ruwa, a sa kayan a rufe. Idan shafi ya daskare a goge shi da gawayi, a sake wani. Guqin guda kan ci shekara ko fiye. Wato wani na roƙon rana, wani na roƙon damina, amma dukkansu jira suke yi.

A ƙarni na 19 Turawa suka rungumi wata hanya da ta rage dogaro da yanayi. Akwai wani ɗan ƙwaro a Indiya da Tailan da ke fitar da ƙaro a jikin rassan itace. Ana kankaro ƙaron, a tace, a narka shi a sinadarin barasa, shi ne shelak. Sunan ƙwaron lak, kuma masana harshe na danganta shi da kalmar nan ta lakh da masu kallon finafinan Indiya suka sani, wato dubu ɗari, saboda yawan ƙwarin. Daga nan ne Turawa suka samo sunan da suke kiran man ƙyalli da shi, wanda a kunnen Bahaushe yake fita kamar laka, amma ba lakar rafi ba. Shelak na bushewa nan da nan, sai dai wahalarsa a hannu take. Ana ƙunsa auduga a ƙyalle, a jiƙa, a riƙa zagayawa a jikin katako sau ɗaruruwa, a huta, gobe a dawo. Kamfanin Martin na Amurka, wanda aka kafa a 1833, ya daɗe yana gama jitocinsa ta wannan hanya. Har yau masu ƙera jitar gargajiya ta Sifaniya da yawa ba su bar ta ba. Amma ga masana'antar da ke son fitar da dubbai, hannun mutum ɗaya a kan jita ɗaya na makonni asara ce.

Mafita ta zo daga inda ba a zata ba: daga filin yaƙi.

A 1846 wani masanin sinadarai a birnin Basel na Suwizalan, Christian Friedrich Schönbein, ya bayyana cewa idan aka jiƙa auduga da wasu ruwan asid masu ƙarfi guda biyu, tana komawa abin fashewa. Ana ba da labarin wai a kicin ɗin gidansa asid ya zube, ya goge da ƙyallen girkin matarsa, ya shanya kusa da murhu, sai ƙyallen ya kama da wuta fau ya ɓace. Ko haka aka yi ko ƙari ne, abin da ya samo shi ne naitiroselulos, mu taƙaita mu ce naitiro. Da shi aka yi albarushi marar hayaƙi, da shi aka yi fim ɗin silima na farko-farko.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya kamfanin DuPont na Amurka ya tara dukiya da sayar wa ƙasashen ƙawance albarushi. Da yaƙi ya ƙare a 1918, sai ga masana'antu da ƙwararru ba kasuwa. A gefe guda kuma an tara wani sinadari mai suna butanol jibgi-jibgi, wanda ya riƙa fitowa a matsayin saura lokacin da ake haɗa asiton don yaƙi ta hanyar da Chaim Weizmann ya ƙirƙiro. Ba a san abin da za a yi da shi ba. Ashe daga jikinsa ake samun ɗaya daga cikin mafi kyawun abubuwan da ke narkar da naitiro.

A daidai lokacin masu ƙera motoci a Detroit suna cikin irin halin da Stradivari ya shiga. Haɗa mota ya koma aikin awoyi, amma fentinta na cin makonni, domin da buroshi ake shafawa, shafi bayan shafi, kowanne sai an jira shi. Gangar jikin motoci ta cika rumbuna tana bushewa, ƙura na sauka a kai. Henry Ford ya zaɓi baƙin fenti zalla ga motarsa Model T daga 1914 zuwa 1925, kuma cikin dalilan da ake bayarwa akwai araha da saurin aiki. DuPont kuwa yana da babban hannun jari a General Motors, har Pierre du Pont ne shugaban kamfanin daga 1920 zuwa 1923. Sai buƙata ta haɗu da kaya. Masanan DuPont suka gano yadda za a tsinka naitiro ya yi ruwa-ruwa har a iya fesa shi da kauri mai amfani, suka sa masa suna Duco. Bindigar feshi dama tana nan, Thomas DeVilbiss ya fito da ita tun 1907, daga na'urar fesa maganin maƙogwaro da mahaifinsa likita ya ƙirƙira. A ƙarshen 1923 aka nuna motar Oakland mai shuɗin fentin Duco. Aikin makonni ya dawo na awoyi. A shekarun da suka biyo baya ne wannan fasahar ta gangaro har kan farcen mata, inda kamfanin Revlon ya fara a 1932.

Saurin nan bai zo kyauta ba. Ɗan'uwan albarushi ne ake fesawa a iska. A watan Afrilu na 1927 wuta ta tashi a sashen feshi na masana'antar Briggs da ke Detroit, mai ƙera gangar jikin motoci, ta kashe ma'aikata sama da 20. Ga kuma tururin tina da masu feshi ke shaƙa wuni guda, a zamanin da kariyar hanci ba ta dami masu kamfani ba.

Masu kayan kiɗa ba su ɓata lokaci ba. Kafin ƙarshen shekarun 1920, Gibson da Martin sun koma fesa naitiro. Da Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na Kalifoniya wanda shi kansa ba makaɗin jita ba ne, ya fara fitar da jitar lantarki mai gangar katako zalla a 1950, sannan Stratocaster a 1954, sai ya ɗauki jita kamar yadda Detroit ta ɗauki mota. Har launukan ma na motoci ya ɗebo daga kundin DuPont: Fiesta Red na Ford, Lake Placid Blue na Cadillac, Surf Green na Chevrolet. Mai son irin wannan launi sai ya ƙara kashi 5 cikin ɗari a kan kuɗin jitar. Duk lokacin da kuka ga irin wannan ƙirar a hannun mawaƙan Agadez, to jikar waccan ce.

To a nan ne labarin ya juya. An ɗauka an kashe jira, ashe wuri kawai ya sauya.

Ga yadda abin yake. Naitiro ba ya shan iska ya daskare kamar man Stradivari. Narkakken abu ne a cikin tina, kuma cikin abin da ke fita daga bindigar feshi, kusan kashi uku cikin huɗu tina ne. Idan ya sauka a katako sai tinan ya tashi, ya bar fatar. Minti kaɗan za ka taɓa ka ji ya bushe. Amma jita ba shafi ɗaya ake yi mata ba, akan yi takwas, goma, har sha biyu. Kuma kowane sabon shafi yana narkar da saman na ƙarƙashinsa su haɗe su zama fata guda. Wannan alheri ne, domin shi ya sa ake iya gyara tabon naitiro ko bayan shekara hamsin. Amma kuma yana nufin tina ya nutse can ƙasa, fatar sama ta rufe shi, sai dai ya riƙa silalowa a hankali. Yana fita, fatar tana ƙanƙancewa tana ƙara tauri. Wannan shi ke cin makonni.

Yanzu a ce ka ƙosa, ka ɗauko ta a kwana na biyar. Abu na farko, samfefa ba za ta fitar da gari ba, sai dai ta riƙa tara 'yan ƙulli-ƙulli masu danƙo, su kuma su karce maka aikin. Na biyu, injin guga faifan ƙyalle ne mai juyawa da gudu, ana shafa masa sabulun guga, kuma zafi yake haifarwa. Fatar da ba ta yi tauri ba idan ta ji zafi sai ta yi laushi, ƙyallen ya ja ta, ko ya cinye ta a gefe-gefe har launi ya bayyana. Ka tuna duka kaurin fatar bai wuce na takardar littafi ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Na uku shi ne mafi cin rai, don ba a ranar yake nuna kansa ba. Kana iya sa'a ka goge ta fito fes kamar madubi, ka miƙa wa mai ita, ya yi murna ya tafi. Bayan wata biyu fatar ta ci gaba da ƙanƙancewa, ta faɗa cikin ƙofofin katakon, sai ga 'yan ramuka da layin jijiyar itace sun fito ko'ina, ƙyallin ya dushe. Ka daidaita saman abin da bai gama motsi ba. Sauri ya haifi nawa, domin gyaran shi ne a sake feshi, a sake jiran daga farko.

Shi ya sa masu sana'ar suke da hanyoyin tambayar jita ko ta shirya. Akwai gwajin hanci: ka kara hancinka a jikinta, ko ka rufe ta a akwatinta ka buɗe da safe, in har kana jin warin tina, da saura. Akwai gwajin farce: ka danna a wurin da ba a gani, kamar ramin da wuyan jitar ke zama, in ya bar shaida, mayar da ita. Akwai gwajin samfefa: in ta ba da farin gari mai laushi, an kusa. Wasu kan ɗan karce saman da samfefa bayan 'yan kwanaki don a buɗe wa tina hanya, sannan su sake ratayewa. In lokaci ya yi, sai a bi ta da samfefar ruwa daki-daki, daga lamba 800 zuwa 1000, 1500, har 2000, kowace tana share karcen wadda ta gabace ta, sannan a je ga inji.

Babu adadin kwanaki guda da ya dace da kowa, domin abubuwa da yawa ke sa baki: kaurin shafi, tazarar da aka bari tsakanin shafi da shafi, zafin ɗaki, da motsin iska. Laima ma tana da nata sharrin. Tina idan yana tashi sanyaya wurin yake yi, sai raɓa ta kwanta a kan ɗanyen fenti ta maƙale, ya yi fari-fari kamar an zuba madara. Duk mai fentin mota ko kafintan da ya taɓa feshi a tsakiyar watan Agusta ya san wannan. Irin katakon ma da ruwansa a ciki. A 1956 Fender ya mayar da yawancin jitocinsa daga katakon ash mai manyan ƙofofi zuwa alder mai matsattsun ƙofofi, wanda ba sai an tsaya cike masa ramuka ba kafin feshi.

Yanzu mu zo kan kuɗi, don a nan rigimar take. Jitar da ke rataye kuɗi ne a rataye. An sayi katako, an biya ma'aikata, ana biyan wuri, amma ba a sayar ba. Ga mai shago ɗaya, jira haƙuri ne. Ga masana'anta mai fitar da ɗaruruwa a rana, jiran sati uku na nufin dubban jitoci a sama, da katafaren ɗaki cike da tururi mai kama wuta. A watan Fabrairun 1964 mawaƙan Beatles suka bayyana a talabijin ɗin Amurka, matasa suka yi caa a kan jita, odar ta fi ƙarfin masu ƙerawa. A watan Janairun 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13. Zuwa wajen 1968 an fara rufe jitocin Fender da fentin roba mai kauri, dangin foliyesta.

Shi wannan daban yake aiki. Ana haɗa shi da wani sinadari mai tayar da shi, sai ya daskare gaba ɗaya, ciki da waje, ba tare da dogaro da tashin tina ba. Ba ya ƙanƙancewa sosai, ba ya tsagewa da sauƙi, gumi ba ya cin sa, kuma cikin kwana ɗaya ko 'yan kwanaki an goge an wuce wurin. Sai dai shi ma yana da nasa agogon, amma a juye. Wasu daga cikin irin waɗannan fentin, in ka bar su suka wuce lokacinsu, sukan yi taurin da guga ke zama azaba. A naitiro laifin shi ne ka yi sauri, a nan kuma ka makara. Sannan in ya fashe, sabon shafi ba ya narkewa cikin tsohon, don haka gyara yakan bar shaida. Makaɗa da yawa suka yi ta ƙorafin cewa jitocin shekarun 1970 kamar an tsoma su a roba, kuma daga nan ne darajar waɗanda aka yi kafin zuwan CBS ta fara hawa.

Mataki na gaba ya zo a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da kamfanin Taylor da ke El Cajon a Kalifoniya, jihar da dokokinta kan gurɓata iska ke da tsauri, ya koma amfani da fentin da hasken fitila ke daskarar da shi. Ana fesawa, a shigar da jitar cikin akwati mai fitilun ultrabayolet, cikin ƙasa da minti guda ta fito da tauri. Ku tuna abin da aka ce wa Galileo, sai an samu rana mai ƙarfi. Bayan shekara kusan 360, ɓangaren hasken ranar nan da ke aikin shi aka kama aka sa a akwati. Masu ƙera biyolin na yau ma da yawa suna da irin wannan akwatin fitila don busar da mansu a lokacin sanyi.

Za ku ce to shi ke nan, an gama da naitiro. Ina! Har yau Gibson da shi yake gama jitocinsa na Amurka, Martin ma haka a manyan samfuransa, kuma masu saye suna ƙara kuɗi don su same shi. Abin dariyar ma shi ne, aibinsa ne ya koma abin so. Naitiro yakan yi rawaya da tsufa, yakan goge inda hannu ke yawan taɓawa, kuma in ya fito daga sanyi ya shiga zafi farat ɗaya sai ya yi tsaga-tsaga sirara, saboda katako da fatar ba sa miƙewa tare. A 1995 Fender ya fara sayar da sababbin jitoci da aka tsufar da gangan, da karce da tsaga, a farashin da ya fi na masu ƙyalli. A jira makonni fenti ya yi tauri, a goge shi, sannan a biya ƙwararre ya lalata shi. Mutanen Sin ma sun riga su, don tun da daɗewa tsagar jikin guqin ita ce shaidar tsufansa, har sunaye suka ba kowane irin tsaga.

Shin fentin yana sauya sauti? A nan a yi hattara da masu talla. Kan jitar da ba ta lantarki ba, wadda faifan katakon gabanta ne ke kaɗawa ya ba da murya, yawancin maƙera sun yarda cewa fata mai kauri tana danne sauti, ko da wane irin fenti ne. Wato kaurin ne abin dubawa kafin sunan sinadarin. Kan jitar lantarki mai gangar katako kuwa, musu ne da har yau ba a gama ba. Maganar da za ku ji cewa wai naitiro yana barin katako ya yi numfashi, ku riƙe ta da hannu biyu-biyu, domin katakon da aka sare aka busar ba ya numfashi, kuma jitocin Fender da yawa na shekarun 1960 da ake yabo suna da wani shafin share fage mai tauri a ƙarƙashin naitiron nasu.

Abin da ba a musu a kansa shi ne wanda muka fara da shi. In dai naitiro ne, saman yana bushewa cikin mintuna, cikin kuma sai ya ɗauki makonninsa, kuma babu ƙwarewar hannun da za ta maye gurbin wannan. Maƙerin da ya ce maka ka ƙara masa sati biyu, alhali kana ganin jitarka a rataye tana sheƙi, ba lalaci yake yi ba. Ya zaɓi ya sha fushinka yau a kan ka dawo masa da ita bayan wata biyu. Na san cikin masu bibiyarmu akwai kafintoci da masu fentin mota, kuma na tabbata wannan zaɓin ba baƙo ba ne a wurinku, musamman idan mai kaya ya tsaya a kanku ana saura kwana uku biki.

A nan za mu dakata.  Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.